Kyamarar Yayanmu Ta Kori Mata Daga Gidan Inna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya kulle.

Ni ce auta a gidanmu, muna wani ƙauye tsakanin Bici da Bagwai, tun rasuwar Baba daga ni sai Inna muka rage a gidan. Babban yayanmu yana aiki a Abuja, kuma tsakani da Allah yana ƙoƙari a kanmu. Bara bayan kaka aka haura mana katanga aka kwashe buhunan wake da tumaki, hankalinsa ya tashi, ya turo masu aiki daga Kano. Suka sa sola, suka kafa kyamara a zaure da tsakar gida da bakin rumbu, suka sa ƙyauren ƙarfe mai kulle kansa. Sai ya ce tunda an fara a ƙarasa, aka haɗa fitilu da fanka da injin jan ruwa duk a akwati ɗaya da kyamarorin, komai yana cikin wayarsa. Yana ofis zai kunna mana ruwa, har magana yake mana ta wata 'yar sifika a bango. Da farko har da ni a yanga, ina ce wa ƙawayena gidanmu ya zama Dubai.

To wanda ya san ƙauye ya san tsakar gida ta mata ce. Gidanmu nan ne matattarar matan unguwa, da hantsi in maza sun tafi gona sai su shigo da gyaɗar ɓara, a yar da mayafi, a tuɓe ɗankwali, wannan ana mata kitso, waccan tana ba ɗa nono, Inna a tsakiya tana raba gardama. Wata rana ana cikin haka sai muryar Yaya ta fito daga bango yana gaishe su, har ya tsokani wata wai daka take ko rawa. Shi a wajensa wasa ne. Nan take kowacce ta rarumi mayafinta ta yi waje, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa wani ƙato a Abuja yana kallon matan mutane ba lulluɓi. Mazan suka hana su shigowa, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Da shirun ya ishe ni sai na je na lallaso Inna Laraba, aminiyar Inna tun suna amare, na yi mata alkawarin ba mai ganinta. Tana shigowa na hau turmi na rufe kyamarar tsakar gida da tsumma. Ashe an saita abin, da an rufe masa ido sai ya ɗauka ɓarawo ne. Jiniya ta ɗauka, ƙyaure ya datse kansa, Yaya kuma yana wajen taro wayarsa a kashe. Baiwar Allah nan ta wuni a kulle tana salati, 'ya'yanta na jijjiga ƙofa, har sai da mai unguwa ya zo, sai yamma aka samu Yaya ya buɗe ƙofar ta wayarsa. Tun daga ranar ko aron rariya ba a aiko yaro gidanmu.

Na kira Yaya na yi masa bayani, ya hau ni da faɗa, wai a cikin masu shigowar nan ne aka yi wa ɓarayi rahoto, wai ni yarinya ce ban san tsaro ba. Ƙarshe ya ce in Inna ba ta so ta faɗa da bakinta, a ranar zai sa a cire. Alhali ya sani shi ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce wancan na Abuja, balle ta buɗe baki ta ce ya yi ba daidai ba. Da ya tambaye ta ta sifikar, sunkuyar da kai ta yi ta ce ba komai, Allah ya yi albarka. Na nemi mai haɗa kayan, ya ce ba ya taɓa komai sai da izinin mai wayar, in kuma na tsinke wayoyin kyamarar da kaina to ruwa da wuta za su tafi tare, ƙofar ma ba lallai ta buɗe ba. Kawunmu kuwa cewa ya yi mun samu gata muna butulci.

Yanzu Inna ta janye tabarmarta zuwa wani lungu bayan akurkin kaji inda kyamara ba ta kaiwa, nan take wuni ita kaɗai, abinci sai na matsa mata. Matar da in tana dariya ana jiyo ta a maƙwabta duk ta zabge, wallahi tausayinta kamar ya kashe ni. Shi kuwa Yaya murna yake, wai gida ya yi tsit Inna ta samu hutu.

Jiya ina shafa mata mai a ƙafa, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Auta, ranar da na cika, matan nan za su yarda su shigo su yi min wanka kuwa?"

Na dai ci gaba da shafa mata man. In fisge wayoyin ne mu zauna ba ruwa ba wuta in ja fushin Yaya, ko in zuba ido tana ƙarewa a bayan akurki? Wanda ya san yadda ake raba kyamarar da sauran kayan, ko yadda zan sa ya ji abin da ba za ta taɓa faɗa masa ba, don Allah ya gaya min.