Kalmar Farko a Bakin Ladi

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya maigida da yara? Mu nan Ƙofa lafiya lau.

Ina gargaɗinki, kada ki yi dariya. Ladi ta fara magana, shekararta ɗaya da wata biyu kacal. Jiya babanta ya dawo daga gona, ta taka har gabansa ta ce, "Sule." Tsaf, babu gargada. Sunan da ni ban taɓa furtawa ba! A bakin abokansa masu ƙwala masa kira daga zaure ta ɗauka. Shi har cewa yake ta maimaita, na hana. Kaifin kai ba tarbiyya ba ne.

Ki sa ta a addu'a, ki gaida Inna. Daga yau duk mai neman maigidan nan, sallama zai yi, ya ce Malam.

Ƙanwarki,
Binta