Injin Malam Sada Na Buɗe A Cikin Rumfar Jirgi

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da tsohon filin jirgin feshi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ya ofis, ya damina? Allah ya sa mu ga ƙarshenta lafiya.

Ranka shi daɗe, sunana Nura, bakaniken mota ne ni. Karatuna bai wuce firamare ba, in ka ga kuskure ka yafe. Na sha zuwa ofishinka ana ce mani ka tafi Katsina taro, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta iso gare ka. Magana ce a kan rumfar jirgin nan ta bakin hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari, wadda aka sa wa kwaɗo.

Na ɗaya. Dattawa sun ce an gina rumfar ne don ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin jirgi ya sauka a wurin ba, sai jemagu a sama, awaki a ƙasa. Ni da abokan sana'ata biyu muka nemi izinin mai unguwa muka shiga. Ba mu da takarda, kuma ba mu taɓa cewa tamu ce ba. Mun kwashe kashin jemage, mun mayar da kwanon da iska ta yaye. Kafin zuwanmu ana kwance ƙarafunan taga ɗaya bayan ɗaya. Tun da muka zauna ko ƙusa ba ta fita ba.

Na biyu. Wani zai ce mu koma gindin bedi kamar sauran makanikai. A can muka fara, mun san wurin. Inji in an buɗe shi kamar ciwo yake, ba ya son ƙasa, ba ya son ruwa. A gindin itace ka wanke fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji, ka ajiye, iska ta taso ta yayyafa mashi yashi, ka ɗaura bisa rashin sani, mota ta je ta mutu a hanya. Kuma ka san hanyar Sabuwa. A da in mota ta tsaya a daji, latti ake tsoro. Yanzu ba latti ake tsoro ba. Daɓen simintin nan da rufin nan su ke sa mu sallami direba hankalinmu kwance.

Na ukku, abin da ya faru. Malam Sada direba, mutumin Pauwa, ya kawo mani akori-kurarsa tana hayaƙi. Ita ce ke ɗaukar taki da hatsi da masu cin kasuwa tsakanin Sabuwa da Faskari, kuma in mace ta kasa haihuwa a ƙauyukan nan, ƙofarsa ake bugawa. Na cire kan injin, na ga sai an sauya ringin fistin, na jefa buhu a kai na tafi Funtuwa saye. Ina dawowa na tarar an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an ja ƙofa, an rufe. Aka ce manyan baƙi za su zo duba kayan gwamnati. Ba a yi mana ko sallama ba. Abokan aikina sun samu sun tura motocin hannunsu waje, ta Malam Sada kuwa tana kan jak babu taya, dole ta zauna. Baƙin har yau ba su zo ba, farar ƙasar ma ruwa ya wanke ta.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. A tsakiyar rufin akwai wurin da ke yoyo, ya yi tsawon da tsaninmu ba ya kaiwa. Motar kuwa a ƙarƙashinsa take, domin nan ne ƙarfen da muke rataya sarƙa mu ɗaga inji. Da muna ciki, hadari na haɗowa muke rufewa da tamfol. Yanzu ina leƙawa ta tsagar ƙofa, na ga buhun ya jiƙe ya lotsa. Ruwa in ya kwanta a ramin fistin, tsatsa ce, kuma tsatsa ba ta jiran baƙi.

Malam Sada dattijo ne mai haƙuri. Kullum da safe yana zuwa ya sa ido a tsagar, ya ce ya zo dubiyar mara lafiya amma likita ya hana shiga, mu yi dariya. Amma na lura ya daina tsayawa shan shayi, kuma akuyar da ke ɗaure a ƙofar gidansa ba ta nan. A hannuna ya bar motar. Ko bai faɗa ba, ni ke jin nauyin.

Makulli yana aljihun maigadi, Baba Ɗanjuma. Ya ce mani an gargaɗe shi, in ya buɗe a bakin aikinsa. Ban matsa mashi ba, kuma ba zan fasa kwaɗon gwamnati ba.

Roƙona, ranka shi daɗe: a bar mu mu ci gaba da aiki a rumfar bisa duk sharaɗin da kuka ga dama, ranar da jirgi ya tashi dawowa mu share mashi wuri mu fita. In haka ya fi ƙarfin ofishinka, a buɗe mani wuni guda in ɗaura injin, mu tura motar waje.

In wannan ma sai an jira Katsina, to a ba Baba Ɗanjuma izini da baki ya shiga shi kaɗai ya rufe injin. Tamfol ɗin yana hannunsa a naɗe, na haɗa mashi da duwatsun dannewa. Ina rubutun nan gabas ta fara duhu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Nura bakanike