Famfon Hitar Ɗakinmu

Laraba da dare, McLeansville

Yau saura kaɗan in fasa gidan nan da hannuna. Tun da matata Hadiza ta tafi Kano jinyar Mama na koma kwana a falo, sai na rufe famfon da ke kai ruwan zafi daga murhun kwal zuwa hitar ɗakinmu. Wa zan ɗumama wa?

Da magariba bututu ya hau ƙara. Na kira Malam Sani da ya haɗa min shi. Ya ce, "Alhaji, buɗe famfon yanzu! Kwal ba gas ba ne da za ka kashe nan take. In zafin ya rasa wurin zuwa, tukunyar ruwan murhun za ta fashe."

Na buɗe. Ɗakin ya ɗau ɗumi, ƙamshin turarenta ya taso daga labule. Na tsaya bakin ƙofa, na kasa shiga.