Injin Ban-Ruwa da Takobin da Kyari Ya Bari

Kai da ka buɗe takardar nan, ji gargaɗina tun kafin ka fara: ko ka karanta ta har ƙarshe a gaban 'yan'uwanka, ko ka ninke ta ka miƙa wa wani. Ban yarda a karanta rabi a tashi da fushi ba. Tahiru, da kai nake, na san halinka.

Ni Maimuna 'yar Rufa'i, haifaffiyar Damagaram, matar marigayi Malam Bukar, na rubuta wannan da hannuna a ɗakina a Diffa, cikin daminar 2007. Ƙafafuna sun kumbura, likita ya daina canza mini magani, amma hankalina na nan daram. Duk wanda ya ce tsohuwa ta ruɗe, ya ji tsoron Allah.

Na ɗaya. Gida da gonar tattasai ta bakin Komadugu da awaki, ba ni da ta cewa a kansu. Allah ya riga ya raba gado. Ku kira malami ya raba, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Kellu, keken ɗinki na ba ki shi tun ina da lafiya, a gaban shaidu, ba ya cikin rabo.

Na biyu. Zan rubuta sunan da bakina bai taɓa faɗa ba: Kyari. Shi ne ɗan farina, kuma a gidan da na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa. Shekara talatin da tara ina cewa "wancan". Kunyar nan, da alkawarin da na ɗaukar masa, su suka rufe mini baki har ƙarya ta samu wurin zama a gidana.

Ku tuna ko wane ne shi. Shekara huɗu a jere, daga Maine har Bosso, babu ɗan kokowar da ya kai shi ƙasa. Ni ban taɓa son kokowa ba. Na yi kwaleji, na so ya yi karatu, ya zaɓi layu da ganguna. Ban taɓa taka filin ba. Amma ran Talata in na shiga kasuwa, masu kifi na ƙara mini gyara suna cewa ga uwar zaki, sai in murtuke fuska in wuce, alhali daɗi ya cika ni. Allah ya yafe mini.

A ƙarshen 1998 aka yi kokowar zaɓen waɗanda za su je wa jiharmu gasar takobi ta ƙasa. Karon ƙarshe tsakaninsa ne da Kalli na Geskeru. Kuna wurin, kun ga yadda ya ɗaga Kalli ya kayar. Jama'a suka kwararo fili suka ɗauke shi a kafaɗa. Kalli na kwance rub da ciki, kowa ya ɗauka kunyar kaye ce, don haka 'yan kokowa ke yi, su ɗan kwanta har idon mutane ya bar kansu. Ba wanda ya duba shi. Sau biyu aka zagaya fili da yayanku.

Ga abin da ba ku sani ba. Washegari da hantsi ya same ni ina shanya tattasai, ya tsuguna ya ce, "Inna, ni ina sama, tun zagayen farko na ga ƙafafunsa ba sa motsi. Ban ce a sauke ni ba sai a na biyu. Kiɗan ne ya yi mini daɗi." Ya ce mutumin da kiɗa zai iya hana shi sauka wurin wanda ya karya, bai kamata a sake yi masa kiɗa ba. A nan ya kwance layunsa ya ajiye a gabana. Ya ce kada in faɗa wa kowa.

Saura mako uku a tafi gasar, gari duk ya tabbata takobi zai zo Diffa. Manyan gari suka zo har zaurenmu, tare da Tsoho makaɗinsa yana share hawaye, wai in ba yayanku umarni ya koma. Na ce ba ni na sa shi ba, ba ni zan mayar da shi ba. Daga nan aka ce uwarsa ce ta hana shi. Wasu suka ce tsoron asirin dangin Kalli yake. Tahiru, da farko kai ke dambe a kasuwa a kan wannan magana. Daga baya kai ma ka yarda da ita, har ka kira yayanka matsoraci a gaban matarsa Hafsa. Ina ɗaki, na ji.

Na uku. Injin ban-ruwa. Shekara biyu ke nan ku biyu, Tahiru da Kyari, ba ku ci tuwo a kwano ɗaya ba saboda shi. Tahiru, ka ce duk Laraba Kyari na ɗaure shi a babur ya ɓace sai Alhamis da yamma, wai yana da gonar ɓoye da yake shayarwa da injin gida. Da ka bi shi sau ɗaya da ka gani, amma zargi ya fi maka tafiya sauƙi.

Gonar Kalli yake shayarwa. Shekara tara. Kalli mutum ne da ya taɓa yin suna, yayanku bai so a ce wanda ya kayar da shi ne ke riƙe masa gona ba. Ranar farko Kalli daga kwance ya jefe shi da kofi ya ce ya fita. Ya fita, ya nufi gonar, ya ja ruwa. Wata uku yana zuwa ba a amsa masa sallama ba. Shi ya riƙa kai shi asibiti, shi ya kafa masa itace biyu a tsakar gida, ya riƙe ƙugunsa yana koya masa taku kamar yaro.

A watan jiya na aika wa Kalli ina neman izinin faɗar wannan. Bai aiko da amsa ba, da kansa ya zo. Ya sauko daga mota da sanduna biyu, ya tako daga ƙofar gida har bakin ɗakina ba wanda ya riƙe shi. Ya ce, "Hajiya, rubuta. In ba ki rubuta ba, zan hau buhu ran Talata in faɗa da kaina." Ya kuma ce in gaya wa ɗana santsi ne ya ɗebe shi a ranar, yana nan yana jiran a sake karo. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta. Tattasansa yanzu buhu-buhu ake tsallakawa da shi Najeriya. Autansa kuwa, sunan Kyari ya sa masa.

Waɗanda suka ci takobi, Allah ya sa musu albarka, suna da abin ratayewa a bango. Ni ɗana ya tayar da mutumin da aka ce ba zai sake tsayuwa ba. Na gan shi tsaye da idona. Babu uwar da ta fi ni a garin nan, na rubuta, a karanta da ƙarfi.

Injin nawa ne, ni na saye shi. Na yi wasiyya da aikinsa na kwana biyu a mako ga Kalli muddin yana raye. Na tambayi malami, ya ce ya halatta, bai kai sulusi ba. Ba a sayar da shi. In injin ya mutu, ku haɗu ku sa wani a madadinsa.

Na huɗu. Tahiru, kafin a yi sadakar ukuna, ka je ka ba yayanka haƙuri, a gaban Hafsa, a wurin da ka faɗi kalmar. Laraba ta gaba kai za ka ɗaure injin, ka bi shi. Kyari, kai ma kana da laifi: shirunka ya bar ƙaninka cikin zunubi. Zagaye ɗaya ka yi jinkiri, ka biya shi da shekara tara. Ya isa. Ka je ka gai da Tsoho, ya tsufa, yana tambayarka. Kellu, ke za ki dafa, ki ajiye musu kwano ɗaya, kada ki kawo na biyu ko sun roƙa.

Na yafe muku duka, ku yafe mini zafin bakina. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya kiyaye gonarku daga ambaliya da tsutsa. Kyari, Allah ya tsayar da kai ranar da ƙafafu ke rawa.

Na san kuna jira in haramta wa jikokina kokowa. Ban haramta ba. Amma ga dokar gidan nan daga yau: duk ɗan gidan Malam Bukar da ya kayar da mutum, a fili ne, ko a kasuwa, ko da baki, ba zai bari a ɗaga shi ba sai ya tsuguna ya tayar da wanda ya kayar.