Saƙon da Ya Yi Ta Dawowa

Daren Laraba, Gusau

Sabar imel ɗin asibitinmu ta gyaru yau, amma ban ji komai a raina ba.

Tun shekaranjiya Dokta Rabi ke tura hoton ƙirjin wani dattijo ɗan Wanke ga ƙwararren likita a Sakkwato, saƙon yana dawowa. Da safe ta leƙo ofishina ta ce, "Malam Nura, har yanzu? 'Ya'yansa na baranda suna jirana."

Da na bincika, sai na ga wasu sun sace kalmar sirrin wata ma'aikaciya da ta bar aiki, suna ta aika saƙonnin damfara da sunanmu. Shi ya sa sauran sabobi suka daina karɓar wasiƙunmu. Na rufe akwatinta, na hana kowa aikawa sai da izini, na gyara shaidar da ke nuna saƙo daga wurinmu yake. Sannan na roƙi a ɗage mana takunkumin.

Bayan la'asar saƙon ya tafi. Kafin magariba amsa ta zo: a kawo shi gobe, ana iya yi masa aiki.

Na ruga na gaya wa Dokta. Ta ce, "Sun gaji, sun mayar da shi gida tun azahar. Wayar ɗansa ba ta shiga."

Gobe za ta nemi mai mashin ya je Wanke. Na ce mata to. Na dawo gida na ci tuwo, ban ma san da wace miya ba.