Hoton Kawuna Ido a Rufe

Gwaggo, don Allah ki taimaka ki warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Ni mai ɗaukar hoto ne a wata jarida da ke kiran kanta mai sassaucin ra'ayi. Ƙanin matar mai jaridar ɗan majalisa ne. A kwamfutar editanmu akwai ma'ajiyar hotuna biyu, ɗaya “na gida”, wato ta 'yan majalisar ɓangaren surukin nan, ɗaya “na waje”, ta abokan hamayyarsu. Na gida kullum suna murmushi ko suna jawabi da hannu a sama. Na waje kuwa, sai mai hamma, sai mai sosa kunne. Shekara huɗu ni nake cika su duka biyun, har dariya abin yake ba ni.

To kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina yaro, ya kuma saya mini kyamarata ta farko, ya shiga majalisa bara a ɓangaren na waje. Makon jiya a majalisa na ɗauke shi hoto ido a rufe, kai a jingine. Editan ya gani, yana son hoton a shafin farko ranar Alhamis. Ni kuwa na san maganin ido Kawu ya ɗiga, don ina kallo ya ciro kwalbar. A ofis ba wanda ya san dangantakarmu. Idan na hana, ina tsoron aikina. Idan na bayar, da wane ido zan shiga gidansa? Abin da ma ya fi ɗaure mini kai shi ne, hoton da ba a taɓa komai a jikinsa ba zai iya zama ƙarya?

Mai Kyamara

Ɗana, zai iya mana. Kyamara ta ga ido a rufe, mai karatu zai ga barci, kai kuma ka san magani ne.

Kada ka mai da mai jaridarku dodo. Yana da ikon ra'ayinsa, yana da ikon son surukinsa, akwai shafin sharhi da aka ware don haka. Shafin labari dai na mai karatu ne.

Ka samu editan kafin Alhamis, ku biyu kawai. Ka faɗa masa mutumin kawunka ne, ka faɗi zancen kwalbar, ka kai wani hoton da ya dace. Ka roƙa a daina tura ka duk inda Kawu yake. Wataƙila ya ɓata rai, amma da wuya a kori mai aiki kan hoto ɗaya. Ɓoyewar ce za ta ci ka in ta fito daga baya.

Sai kuma nawa jan kunnen. Shekara huɗu kana dariya, sai da layi ya zo kan Kawu ka fara tambaya. Ka buɗe ma'ajiyar “na waje” ka sake duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Mai hammar nan ma kawun wani ne.

Allah ya tsare maka aikinka, ya ba Kawu lafiyar ido.