Ya Saka Kwalekwalenmu a Ruwa Ina Kwance a Asibiti

Goggo, don Allah ki agaza mini da shawara. Abin nan ya tsaya mini a rai, har matata ta gaji da jin sa.

Ni direban babbar mota ne, na yi ritaya. Ina da aboki da muke kira Dogo, tun muna samari muke zuwa kamun kifi bakin tafki ran Asabar, kullum muna hangen tsakiyar ruwa muna cewa manyan suna can. Da zaman gida ya ishe ni, sai na ce mu haɗa kwalekwale da hannunmu. Babu kafinta a cikinmu. A waya na riƙa kallon yadda ake yi, ina zanawa a bayan tsohuwar kalanda.

Wata goma sha huɗu muka yi muna fama a bayan gidana, inda matata take shanya. Sau biyu katakon gefe yana tsagewa wajen lanƙwasawa. Farcen babban yatsana har yau bai dawo daidai ba. Ba zan ci haƙƙin Dogo ba, ya goge katako, ya yi fenti, amma rabin lokacin yana kan benci da kofin shayi yana ba da umarni. Mun yi alkawari ranar da kwalekwalen zai fara taɓa ruwa mu biyu ne a ciki, babu na uku.

Saura mako guda mu saka shi a ruwa aka kwantar da ni a asibiti, aka yi mini aiki a ciki. Sau biyu Dogo ya zo duba ni, bai tayar da maganar kwalekwalen ba. Da aka sallame ni, na lallaba bayan gida, sai na tarar da tayoyin da muke ɗora shi a kai kawai. Ashe ya zo da motar surukinsa, ya ce wa matata zai gwada ne ko yana yoyo, kada ta faɗa mini. Sai 'yata ta nuna mini bidiyo: ga Dogo a tsakiyar tafki da wasu maƙwabtansa, ana ta shewa. Wani ya tambayi wanda ya haɗa, ya daki ƙirji. Na kalla ya fi sau ashirin ko zan ji sunana. Babu.

Ya dawo da shi a wanke, yana ta kira ba na ɗauka. Wani lokaci sai in ji kamar in sa zarto in raba kwalekwalen biyu. Mutum da jikokinsa yana hawaye a kan katako! Yaya zan yi?

Tsohon Direba

Malam Direba, sannu da jiki. Da farko dai, ajiye zarton.

Hawayenka ba abin kunya ba ne. An saɓa maka alkawari a lokacin da ba ka da ƙarfin tashi, kuma wannan ranar ta farko ta wuce ke nan. Ba zan ce maka ba komai ba ne.

Amma mu raba abin biyu. Gwada jirgi kafin mai sabon ɗinki ya shiga, hankali ne, wataƙila ma da gaske yake. Kwasar 'yan kallo da dukan ƙirji kuwa, son a yaba ne ya kwashe shi, kuma ya san ya yi, shi ya sa yake ta kira. Matarka kuma ka cire ta daga ciki, lafiyarka ta duba.

Ka ɗauki wayarsa, ka ce ya zo. Ku zauna ku biyu, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, ba zagi, ba habaici. Ka nemi abu ɗaya: ya gyara maganar a gaban mutanen da ya yi ta. In ya yi, ka yafe, kada kuma ka riƙa tayar da ita duk Asabar. In ya tsaya kame-kame, ku ci gaba da gaisawa, amma ka san iyakarsa.

Kada ka taɓa ruwa sai likita ya yarda, kuma ka sa rigar kariya daga nutsewa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa Dogo ya zo da kunyarsa.

Goggo